Kano Ta Masu Kiɗa Da Raha: Tsince-Tsincen Abubuwan Mamaki

 Yau Kano muka nufa, wajen makaɗa da mawaƙa da 'yan wasa da masu sa mutum dariya har ya riƙe ciki, mu tsinto ƙananan abubuwan da ake wucewa kullum ba a lura ba. A matso, a gyara zama.

Baƙo in ya sauka ya tambayi inda gidan wasan kwaikwayo yake, sai ya ga an tsaya ana tunani, alhali tun daga tasha ya wuce wasa uku: mai tallan magani da lasifika, gardi da birinsa, da mai kalangu a ƙofar gidan biki. A garin nan, inda mutum goma suka tsaya, nan ne dandali.

Shi mai maganin nan kada ku raina shi. Kafin ya kwance jakarsa sai ya kwaikwayi tafiyar mai ciwon baya, da zaman mai basir a kan benci, har ɗan aike ya manta abin da aka aike shi saye. Dariyar kyauta ce, ƙullin maganin ne na kuɗi.

Ɗankama kuwa, duk waƙar da ta yi tashe sai ya ɗauke muryarta, ya zubar da baitocin, ya cika ta da tuwo da miyar kuka da ƙashin da ya gagari haƙori. Mai waƙa ya yi don masoyiya, ɗankama ya yi don akushi.

Yakan kuma tanƙwashe ƙafa irin zaman malamin zaure, ya yi gyaran murya, ya shiga jero ƙa'idojin yanko loma da sharuɗɗan suɗe kwano, babi bayan babi. Duk wannan fuska a murtuke, ko murmushi babu. Masu sauraro ne ke faɗuwa, shi yana nan daram.

'Yan gambara su ne bakinsu ba linzami: ɗaya ya jefa magana, ɗaya ya cafe ya ƙara mata barkono, a tsakiyar kasuwa. Mai rumfa in ya hango surukinsa tafe, da sauri yake laluben aljihu. A ba su don su fara, a kuma ba su don su ƙara gaba!

Gwanin zambo ba ya kama suna. Hular mutum zai siffanta, da yadda yake tafiya, da yadda hannunsa ke makalewa a aljihu ranar biki, sai ka ga wani a cikin taro ya fara gyara hula. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

A ƙungiyar makaɗa akwai wanda ba ya kiɗa, ba ya waƙa, amma ba a tafiya sai da shi, wato sanƙira. Shi ke shelar kyauta, ya jero iyaye da kakannin wanda ya bayar, har na kusa da shi ya ji kunya ya miƙo tasa. Naira 500 a bakin sanƙira ƙiba take yi.

'Yan amshi kan maimaita layi ɗaya dare guda cur ba gajiya, kuma a nan ake koyon sana'ar: inda ake numfasawa, inda ake shiga, inda ake bar wa kiɗa fili. Da yawa daga manyan da ake ji da su a bayan wani suka fara tsayawa. Amshi ma makaranta ce, babu dai allo.

Kalangu magana yake yi, ba wasa ba. Makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata yana sassautawa, sautin na hawa da sauka yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka, har dattijo ya ji an kira shi daga bayan katanga. Ya fito yana cewa, "Wa ke nemana?"

Asalinsa kuwa kiɗan mahauta ne. A da, in aka ji kalangu ya tashi da hantsi daga wajen mahauta, uwargida ta san an yi yanka, sai ta miƙa wa yaro kwano. Talla ta isa gida, ba allo ba lasifika.

Kusan kowace sana'a da kiɗanta: maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mafarauta da 'yan tauri da nasu. Shi ya sa za ka ga babban ma'aikaci cikin babbar riga, an kaɗa taken gidansu, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya manta da direba na jira. Gado ba ya tambayar muƙami.

A filin dambe ma haka ne. Mai kalangu zai saki taken ɗan dambe, shi kuma ya zabura, ya ɗaga hannun da aka naɗe da zare, ya yi kirari mai tsawo, sannan a shiga a gama cikin ƙiftawar ido. Sau da yawa kirarin ya fi damben daɗewa, kuma ba wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

Da damina fatar ganga takan saki, muryarta ta dushe. In kun ga makaɗi ya tsuguna gefen wutar mai tsire yana juya gangarsa, yana ɗan ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, ba nama ya zo saye ba. Ita ma ganga tana jin sanyi.

Ku dubi goge da kyau: ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, tsirkiyar izgar doki, abin gogawar ma izgar doki, a ɗan shafa ƙaro don ta kama. Duma da guza da doki suka haɗa kai, sai ga ƙato yana share hawaye.

Kuntigi ya fi ban mamaki. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa ɗan sanda da tsirkiya ɗaya tal, amma an cika fili da shi, an yi suna har ƙasashen waje. Wani ya ci kifin, wani ya ci arzikin gwangwanin.

Mai algaita kumatunsa kan kumbura kamar ya ɓoye lemo biyu, kuma busar ba ta yankewa, domin yana shaƙar iska ta hanci yayin da kumatun ke tura wadda ya tara. Yara kan tsaya su ƙura masa ido, suna jiran ya tsaya ya huta. Su ne ke fara gajiya.

Kakaki ya fi mai busa shi tsawo nesa ba kusa ba, ana ma raba shi gida-gida in za a adana. Na sarauta ne, ba a hayarsa don ɗaurin aure ko buɗe sabon kanti. Attajiri ya sayi mota goma, kakaki kam sai dai ya ji daga nesa.

A fadojin ƙasar Hausa akwai al'adar kiɗa da busa a ƙofar fada ranar Alhamis da dare, wato daren Juma'a. Maƙwabta na jin an fara, sun san gobe sai wanka da fararen kaya. Kalandar unguwa ke nan, ba a rataye ta a bango.

Sai wawan sarki, mutumin da ke faɗin abin da hakimi ba zai iya ɗaga kai ya faɗa ba, a yi dariya, saƙo kuma ya isa inda aka aike shi. An ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. A fada, wawan ne ke faɗa wa masu hankali.

A cikin gida kuma mata na da wasan gauta: wata ta yi shigar sarki, wasu su zama hakimai da fadawa, a kwaikwayi tafiyar kowa da tarinsa da yadda yake faɗuwa gaisuwa. Wanda aka kwaikwaya yakan gane halinsa ba tare da an kira shi gefe ba. Gyara kayanka, in ji masu magana, ba ya zama sauke mu raba.

To, mu zo kan tashe, don nan ne Kano ke zama gidan wasa ɗungurungum. Daga goma ga azumi, ana gama buɗa-baki, yara sun fito da gemun auduga, da tumbin tsumma, da fuska shafe da gawayi ko alli, da gwangwani a matsayin ganga. Kayan wasa na ƙungiya guda, ko sisi ba a kashe ba.

A cikin wasannin akwai Tsoho da Gemu, inda yaro ɗan shekara takwas ke dogara sanda yana rawar jiki, yana neman a tausaya wa tsufansa. In an yi jinkirin ba shi, tsohon kan manta ya miƙe tsaye garau. Gemun kuwa, iska kaɗan ce ajalinsa.

Akwai Jatau Mai Magani, da jakar saiwoyi da ganyaye, yana jero sunayen itatuwa da cutar da kowanne ke kashewa. Yaran da ba su taɓa shiga daji ba, a nan suke haddace sunayen bishiyoyin ƙasarsu. Darasi ya shiga, ba bulala.

Wanda ya fi kashe ni da dariya shi ne na malamin da ake zargi da yin rawa. Yana musantawa da iyakar ƙarfinsa, kuma don ya nuna irin rawar da bai yi ba, sai ya taka ta tsaf a gaban kowa. Shaida ta ƙare, alƙali ya huta.

'Yan mata kuma na da Mairama da Daudu: ɗaya ta zurma rigar babanta da hularsa ta zama miji, a shiga nuna yadda ake zaman aure. Iyaye mata na bayan labule suna jin kalmomin bakinsu na fitowa daga bakin 'yar shekara tara. Ashe duk abin da ake faɗa a tsakar gida akwai masu ɗauka!

A da hatsi ake zuba musu a ƙwarya, yanzu 'yan canji ne da alewa, wani gidan har da ragowar ƙosai. Ƙarshen dare a taru ƙarƙashin fitila a yi rabo, kuma nan ake yin wasan da ya fi na ƙofar gida zafi. Ma'aji dai bai taɓa fita ba zargi ba.

Manya ma ba a bar su a baya ba, don Kano na da Nalako, sarkin gwagware, wanda ke zagaya unguwanni da kiɗa da igiya yana farautar mazan da ba mata a ɗaki. Wanda ya ji kiɗan ya doso layinsu yakan tuna yana da aiki a wata unguwa. Igiyar Nalako ta kai mutane da yawa ga igiyar aure.

Ni dai ina da roƙo a nan, kuma da gaske nake. In yara suka yi sallama da gemun auduga, kada a kore su, a leƙo a kalla, a ba su ɗan abin da ya samu, domin a ƙofar gidajen nan ne garin ke renon 'yan wasansa. Minti biyu ne, shayinku ba zai huce ba.

Barkwanci kuwa ba sai an sayi tikiti ba. A haɗa Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, a kujerar baya ta adaidaita sahu, kafin a kai Ƙofar Nasarawa kowa ya ce shi ne ubangidan ɗaya. A sauka ana dariya, a yi ta rigimar wa zai biya wa bawansa kuɗin mota.

Wasan na da lokacin biyan haraji ma. A watan cika-ciki taubasai da abokan wasa kan bi juna kuɗin shara, jika kuma ya tare kakarsa da "matata", ita ta ce wannan miji ko cefane bai iya ba. Bashin da ake bi da dariya, a biya da dariya.

Mu leƙa gidan biki, ɓangaren mata. A kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban mazubi, a kama ta da 'yan sanduna, sai ga amo mai zurfi da ke ratsa katanga, a ɗora amada a kai. Habaicin da ke ciki kuwa, wadda aka yi dominta ta ji, sauran su yi guɗa.

Shantu na 'yan mata ne: dogon duma mai rami, a buga gindinsa a cinya, a tafa bakinsa da hannu, zobba na ƙara masa amo. Ba shi da hayaniya, sai an matso ake jin daɗinsa. Kiɗan ɗakin amarya, ba na bakin titi ba.

Mai guɗa kan kama hanci ta saki murya, a ji ta layi uku. Ba ta da ganga, ba ta da 'yan amshi, amma amarya ba ta shiga ɗaki sai da ita. Daƙiƙa biyar na aiki, unguwa duka ta samu labari.

A ƙofar wurin biki akwai masu sayar da sababbin kuɗi, ka ba su tsofaffi su ba ka sababbi da ragi, don dai liƙinka ya yi ƙamshin banki. A cikin fili kuma ga yaro da leda yana bin ƙafafun masu rawa yana tsincewa. A duk taron, shi ne bai ɗaga kai ya ga amarya ba.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: dokar ƙasa ta 2007 ta hana liƙi da tattaka naira, har ta tanadi tarar aƙalla naira 50,000 ko ɗaurin aƙalla wata 6, ko duka biyun. Shi ya sa masu lura suka koma ajiye faranti a gaban mawaƙi, ko su miƙa a hannu. Karamci na nan, goshi ne ya huta.

Zamani ya ƙara da nasa: yanzu mai gabatarwa kan karanto lambar asusun mawaƙi a lasifika, sau biyu, a hankali. Wanda ya ce bai zo da kuɗi a jiki ba, sai a ce ai ya zo da waya. Ƙofar gudu ta rufe!

Waƙar amarya ta situdiyo da takarda ake zuwa yin ta: sunan ango da amarya, iyaye, ƙawaye, yayye, har maƙwabciyar da ta ba da aron tukunya. A manta sunan gwaggo ɗaya, sai an koma an sake ɗauka. Mawaƙi ya san baitin da ya fi tsada shi ne wanda aka tsallake.

Akwai kuma ranar da 'yan birni kan ware a biki su yi shigar ƙauye, da saƙi da ƙwarya da zane-zanen baƙi a fuska, su yi ta rawa. Sai ga kaka ta iso daga ƙauyen gaske cikin leshi mai tsada, da jaka da takalmi mahaɗi. Ita ce 'yar birnin taron.

A majalisin sha'irai, inda ake bege da mandiri, kunne mai lura kan tsinci muryar wata tsohuwar waƙar fim ɗin Indiya, an wanke ta an ɗora mata yabon Manzo. Tsoho ya ji muryar da ya sani tun yana saurayi, ga shi yanzu yana jin ta da carbi a hannu. Murya ta yi tafiya, ta samu masauki nagari.

Tunda an ambaci Indiya: gidan silima na dindindin ya fara a Kano a 1937, a wajen ganuwa, kuma silimun wancan zamani ba su da rufi. Dole a jira duhu kafin a fara, hadari kuma in ya taso shi ke da hukuncin ƙarshe. Jarumi na tsaka da faɗa, 'yan kallo na neman mafaka.

Kafin mutane da yawa su san silima, majigi suka sani: mota ta zo fili, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake tsabta da noma da rigakafi. Yara kan zagaya bayan ƙyallen su ga inda mutanen suka ɓuya. Ba su same su ba, amma gobe ma sai sun duba.

Kanawa sun shekara da shekaru suna kallon fim ɗin Indiya ba su jin yaren, amma su ba ka labarin tiryan-tiryan, har su raɗa wa jaruman sunayen gida: wannan Sarkin Ƙarfi, wancan Ɗan Daba Mai Lasin. Masu sunan na can Mumbai ba su san an yi musu suna ba. Ko ragon ba su aiko ba.

Yanzu kuwa Ba'indiye Hausa yake yi garau, albarkacin masu fassara. Wani lokaci mutum ɗaya ne uban, shi ne ɗan, shi ne mugun, har ya sa wa jarumi karin maganar da sai a Fagge ake jin ta. Gwaninta ce ta gaske, maƙogwaro ɗaya ya ɗauki gari guda.

Fim ɗin Hausa na bidiyo da ake ƙirga wa farko shi ne Turmin Danya, wanda ya fito a Kano a 1990. Daga nan kasuwar Ƙofar Wambai ta zama inda ake yanke wa fim hukunci, kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce. 'Yan kasuwar a lokacin kan duba hoton bango kawai su ce zai tafi ko ba zai tafi ba.

A fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace, ko da miji da mata suke a labarin. In matar ta yanke jiki ta faɗi, sai maigida ya yi ta zagaye yana salati yana ƙwala wa maƙwabciya kira. Da ido da murya ake nuna ƙauna, kuma gwanayen sun iya har ka ji tausayi.

A cikin waƙa ɗaya kuwa, saurayi da budurwa kan canza kaya sau biyar, daga lambu su faɗa bakin ruwa, daga nan sai kan dutse. Labarin ya ce yaron ba shi da ko na shayi. Tela dai ya san gaskiyar magana.

Muryar da kuke ji ba ta mai rawar ba ce, shi baki kawai yake motsawa. Mai muryar na iya tsayawa kusa da ku a Kantin Kwari tana taya atamfa, waƙarta na tashi daga shagon, ba wanda ya waiwaya. Ku riƙa duba sunayen ƙarshen fim, akwai masu haƙƙi a wurin.

Wanda ya saba fitowa a mugu kuwa yana shan kallo a kasuwa, wata tsohuwa ma ta tare shi ta yi masa faɗa kan marainiyar da ya zalunta. Wasu kuma sunan wasa ya cinye na yanka, har a gidan surukai. In an tsane ka a gari saboda fim, to ka iya aikinka.

Finafinan camama, wato na barkwanci, ba sa jiran dogon shiri: ƙauye ɗaya, 'yan kwanaki, hula karkatacciya da rigar da ta yi wa mai ita yawa. Masu ji da kansu kan taɓe baki, su koma gida su kalla har da tuntsirawa. Sa mutum dariya ba ƙaramin aiki ba ne, a tambayi wanda ya gwada.

Gidan Alhajin fim galibi aro ne ko haya. Shi ya sa mai ido kan gane falo ɗaya da labule ɗaya a fim uku, yau na ɗan siyasa, gobe na ɗan kasuwa, jibi na surukar da ba ta son amarya. Kujerun sun fi wasu 'yan wasan fitowa.

A Titin Gidan Zu, inda situdiyo suka yi yawa, ɗakin ɗaukar murya wani bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, bango manne da katifa ko kwalin ƙwai don ya shanye amo. Janareta kuwa can nesa ake kai shi da doguwar waya, kada ya shiga amshi. Daga wannan ɗan ɗaki waƙa ke tashi ta kai Yamai da Kumasi.

A cikin fiyano ɗaya akwai ganga, akwai sarewa, akwai abin da ke kwaikwayon algaita, yatsa goma na aikin mutum goma. Wannan shi ya haifi kiɗan nanaye. Sai dai fiyano bai san taken gidan kowa ba, nan kam sai mai kalangu.

Shi ya sa nake jin daɗin abin da wasu matasa ke yi yanzu, na gayyato tsohon makaɗi situdiyo, a sa masa abin ji a kunne, a ce bismilla. Sau ɗaya yake bugawa ya miƙe yana gyara riga, yaran na kallon juna. Shekara arba'in a hammata ba wasa ba ce.

Ku kasa kunne a farkon waƙa ko ƙarshenta, za ku ji an kira mai kiɗa, da mai situdiyo, da wani Alhaji da ya biya kuɗin ɗauka. Aikin sanƙira ne ya shiga na'ura. Roƙo bai mutu ba, kaya ya canza.

Masu tura waƙa a waya, daga kasuwar Fam Santa zuwa rumfar mai caji ta unguwa, su ne gidan rediyon talaka: kuɗi kaɗan, a cika maka waya taf. Mawaƙi ba ya samun ko kwabo a cinikin, sunan da ya yi ne ke kawo masa gayyatar biki da ta taro. In kuna son mawaƙi, ranar da kuka gan shi ku tuna da hakan.

Wanda ke son sanin waƙar da ke tashe ba sai ya tambayi kowa ba. Ya tsaya a mahaɗar titi minti goma, ya ƙirga wadda ta fi fitowa daga cikin adaidaita sahu. Direbobi sun yanke hukunci, ba ɗaukaka ƙara.

Fim mai dogon zango ya koya wa gari haƙuri: mako-mako ake saki a intanet, kuma daidai inda aka buɗe ƙofa aka zaro ido, nan ake yankewa. Kwana bakwai ana muhawara a wurin ɗinki da wurin kitso kan wanda ya shigo. Masu sayar da data na godiya.

'Yan barkwancin waya kuwa, kayan aikinsu waya ɗaya ce da gyalen yaya. Saurayi ya yafa ya zama uwa, ya cire ya zama ɗa, ya sa hula ya zama maigidan da ya dawo ba cefane. Ku duba da kyau, yaron tashen jiya ne ya girma.

'Yan koroso in sun ɗaura kacau-kacau a ƙafa, mai sarewa ya saki busa, sai ka ga mutum biyu sun sarƙe sun zama abu ɗaya mai ƙafa huɗu yana birgima. Likitan ƙashi ma tsayawa zai yi ya kalla. Kada dai a gwada a gida bayan an ci tuwo.

Ɗan tauri zai goga wuƙa a ciki, ya goga a wuya, ya miƙa wa ɗan kallo ya ce taɓa ka ji kaifi. Gardi kuma ya ratso da kura a ɗaure da takunkumi, fili ya buɗe da kansa ba mai cewa a matsa. Nan ne kawai Bakano ba ya rigimar layin gaba.

Mai shayin da ke kusa da situdiyo ya fi kowa sanin sirrin sana'ar: ya ji waƙa wata guda kafin ta fito, ya san wanda muryarsa ta dushe, ya san wanda ke jiran kuɗin biki. A littafinsa na bashi akwai sunayen da ake yi wa ihu a fili. Ranar da waƙa ta tashi, har da ƙwai huɗu ake soyawa!